Rabin Kwabon Iya Tabawa

Tun da aka fara nuna tsofaffin kuɗi a waya ba na rasa baƙi. Yarinya za ta yi sallama, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta kwance bakin hijabi ta zube min kwabo uku a tabarma, sun sha wanki har suna ɗaukar ido. Wai ta ji an ce ni nake saye, kuma ita ma tana son ta fara. In na tambaye ta me ta sani a ciki, sai ta ce ai babu wani abin sani, ka tsinta ne kawai ka sayar. Ɗan ƙanena da ya gama karatu yake zaman jiran aiki, shi cewa ya yi in ba shi wata ɗaya zai fi ni ciniki, don shi yana da waya mai hoto. To madalla. Domin ku na zauna na rubuta wannan, ku da kuke ganin aikin bai wuce a sunkuya a ɗauka ba.

Akwai wata tsohuwa a Doguwa, Iya Tabawa, ƙawar wadda ta koya min sana'ar. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyun. Likita a birni ya ce in aka yi mata aiki za ta gani, in kuwa aka bari abin ya yi nisa to sai haƙuri. Ɗanta Malam Hudu manomin masara ne, a shekarar kuma masara ba ta yi daraja ba. Abin sayarwa da ya rage a gidan shi ne wasu jakunkuna biyu na tsabar kuɗi da mijinta ya rasu ya bari. Idon Iya a kan jakunkunan nan ya rataya. Labarinta nake son ba ku, amma in ban fara gaya muku abin da ake nema a jikin kuɗi ba, za ku ji shi ne kamar tatsuniya.

Ƙanwar mahaifiyata ce ta koya min, Inna Hansai, dillaliya a nan Bebeji. Abin da mutane suka sani shi ne tana yawo da kwanuka da zannuwa gida-gida, amma ainihin idonta yana kan abin da mata suke ɓoyewa a ƙasan adaka. Da na gama sakandare aka kawo ni Bebeji daga Kiru, sai ta roƙi maigidana ya bar ni in riƙa taya ta, don ina iya karanta shekara da rubutun da ke jikin kuɗi. Ita kunne ta kawo, ni na kawo karatu. Ranar farko wata Bafulatana daga wajen Dangora ta kawo liyari biyu, manyan sulallan azurfar nan da suke jerawa a ka. Inna ta saki ɗaya a kan dutsen niƙa, ya yi ƙara doguwa kamar an taɓa bakin tasa. Ta saki ɗayan, ya ce ƙwas ya yi shiru. Ta mayar wa matar da na biyun, ta ce wannan ta kai wa wanda ya sayar mata ya yi cokali da shi. Ni kuwa da zumuɗi na miƙa hannu na damƙi mai kyaun a tafina zan karanta. Ban ankara ba na ji mafici a bayan hannu.

"A gefe ake kama kuɗi, kamar waina mai zafi," in ji ta. "Gumin hannunki ba ado ba ne."

Damina ta zo ta wuce ban ƙara taɓa kuɗi ba. Aikina yankan takarda da naɗe ta ƙanana-ƙanana, irin naɗin ƙullin magani. In na naɗe ya karkace ta warware ta ce in sake. Ku da kuke son wata ɗaya, wannan shi ne darasina na shekarar farko.

Kayan aikin ba su da yawa, duk suna shiga gwangwanin alewa guda. Akwai gilashin ƙara girma, wanda na gada daga wani mai gyaran agogo. Akwai mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar rediyo. Akwai farin ƙyallen akoko da ake shimfiɗawa kafin a zuba kuɗi, don kada su gogi ƙasa. Sai farar takarda marar rubutu, da ƙullin gawayi da nake sakawa a kusurwar akwati ya shanye danshi, in canza shi duk shigowar damina. Leda mai taushin nan da kuke zuba komai a ciki ba ta shiga akwatina. Na taɓa ganin sule da ya shekara a irinta, ya fito da wani kore mai danƙo a fuska kamar bakin rijiya. Kuma kuɗi biyu ba sa kwana a takarda ɗaya, don in suka haɗu gogar juna suke yi, kowa ya ci fuskar ɗan'uwansa.

Masu saye iri-iri ne. Maƙeran farfaru azurfa kawai suke so, ba ruwansu da hoton da ke jiki, narkarwa za su yi. Matan Fulani suna son mai nauyi mai ƙara, ko da an huda shi. Sai Alhaji Nasidi na birni, wanda yake tara wa masu ajiya na gida da na waje. Shi ne babban mai sayena, kuma shi ne ya fi kowa tsirfa. Zai ɗauki kwabo ya juya shi a hasken ƙofa kamar mai duba ƙwan zabi, ya ajiye, ya ɗauko wani zance daban, ya tambayi lafiyar maigida, sannan ya ce wannan an taɓa shi. Ba ya ƙara komai a kai. Da farko haushi yake ba ni. Daga baya na gane mutumin bai taɓa rage min ko anini a kan abin da ya dace ba, in kaya ya yi kyau shi da kansa yake ƙara farashi.

Wani tsohon hedimasta a Tudun Wada shi ya buɗe min ido a kan abin da har yau ba ku yarda da shi ba. Ya aiko yana son kowane irin kuɗin ƙarfe da aka taɓa kashewa a ƙasar nan, ɗai-ɗai, masu kyau, zai jera a allo ya riƙa nuna wa yara. Na ce wannan ai aikin mako ne. Na zamanin Turawa kuwa ban wahala ba. Anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, fataka, duk na haɗa su ban fita daga Bebeji da Kiru ba. Da na zo kan kuɗin naira da kwabo, namu na jiya-jiya, sai aiki ya tsaya. Kwabo hamsin mai kyau na nema har na gaji. Naira ɗaya mai launi biyu, wadda kowa ya gani da idonsa, duk wadda aka kawo min ko ta lotsa, ko an huda ta, ko tsatsa ta ci gefenta. Rabin kwabo mai hoton auduga kuwa, mutane rantsuwa suke yi min ba a taɓa yin sa ba. Hedimasta ya rasu allonsa da gurbi a buɗe. Allah ya jiƙansa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kakanninmu sun ɗauki kuɗinsu da daraja. Sule a lokacin abinci ne na kwanaki, wani ma azurfa ne, don haka aka ƙulle shi a tsumma, aka sa a tukunya, aka ɗinke a ɗamara. Namu kuwa tun ranar da ya fito ake raina shi. Mai tebur ya ce ba ya karɓa. Mai mota ya watsar ta taga. Yara suka yi wasan cankiya da shi a kan siminti, mai shayi ya kafe shi da ƙusa a teburinsa, kowa ya kankare katin waya da shi, maƙera suka ɓalle mai launi biyun suka yi zobba. Abin da kowa yake da shi babu mai ajiye shi. Sai ya ƙare ba a farga ba. Yanzu mai hoton sarkin Turawa na nan jibge a gidaje, namu da aka buga muna raye shi ya zama ɗan sarki.

Wani asusu da aka fasa a gabana a Badafi ya ƙara nuna min wani abu. Matar ta binne shi a ƙasan gadonta shekara da shekaru, tana jefa duk tsabar da ta samu, tsohuwa da sabuwa. Da aka fasa, tsofaffin sulallan suka gangaro ɗai-ɗai, sun yi duhu amma lafiyarsu ƙalau. Sababbin kuwa sun haɗe sun zama dunƙule guda ja, kamar ƙanzon tukunyar da aka manta. Na kara mayen ƙarfe, dunƙulen gaba ɗaya ya taso. Yawancin na baya-bayan nan baƙin ƙarfe ne aka yi masa riga. Rigar na hujewa danshi ya shiga, shi ke nan. Tsohon kuɗi yana jure wulaƙanci, sabo ba ya jurewa. Shi ya sa mai ajiya zai karɓi tsohon sule ko da ya sha hannu, amma sabon kuɗi sai wanda bai taɓa shiga aljihu ba, wanda ƙyallinsa na gidan bugawa yake nan.

Ƙyallin nan shi ne dukiyar, kuma shi kuke kashewa. Ba irin ƙyallin kwanon jere ba ne. In ka juya sabon kuɗi a haske za ka ga hasken yana zagayawa a fuskarsa kamar ruwa a faranti. Wata fata ce siririya a samansa, toka tana taɓa ta ta tafi, ba kuma ta dawowa har abada. Duhun da shekaru suke sa wa kuɗi ba dauɗa ba ne, masu ajiya son sa suke yi. Amma mu mata an raine mu a kan duk abin da ya yi duhu a dirje shi. Tsafta cikon addini ce, ban musa ba, ni ma tukwanena ba sa kwana da baƙi. Sai dai kwabo ba tukunya ba ne. Wanda aka wanke, a ido yana walƙiya, a gilashi kuwa duk zane ne kamar gonar da kaji suka tona.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ita ce shekarar da waya ta ce kwabo mai huji yana sayen mota. Inna Hansai ta riga ta rasu, Allah ya hutar da ita ganin abin. Samari suka bazu a kan babura, ƙauye-ƙauye, kowa da tocila da mayen ƙarfe a aljihu, ba su san me suke nema ba amma suna nema da gaske. A Kiru har kwanon ɗakin wani tsoho aka ɗaye, don an ji da kwabo mai huji aka tare ƙusoshin. Ruwa ya sauka a daren, mutumin ya kwana a zaure, kwabban kuwa ko kuɗin ƙusa ba su mayar ba. Wanda ya samu sai ya jiƙa a lemon tsami, wani a ruwan batir, wai don ya fito da kyau a hoto. Abin da aka lalata a shekarar nan ya fi abin da tsatsa ta ci tun da aka fara kuɗi.

Ni kuma aka juyo kaina. Matan da na yi shekaru ina shiga ɗakunansu suka fara cewa ashe miliyoyi nake kwasa ina ba su na goro. Wata ta zo har gida a dawo mata da taron da ta sayar min tun ɗanta na goye, yaron kuwa a lokacin har ya yi gemu. Na ce ta duba ɗakina, in ta ga inda na ajiye motar ta hau ta tafi da ita. Aka daina kira na. Wanda yake da kaya ya ƙulle yana jiran mai mota, wanda ya kawo kuma wankakke ne. Akwatina ya koma daga gawayi sai takarda. Alhaji Nasidi ya aiko yana tambaya ko na daina ne.

Ana cikin haka Malam Hudu ya kira wayar maigidana daga Doguwa. Ya yi bayanin idon mahaifiyarsa, ya ce ita ta ce a neme ni, don ba ta yarda da yaran babur ba. Mahaifinsa mai awon auduga ne a zamaninsa. Lokacin da aka canza kuɗi aka koma naira, ya karɓo tsaba daga banki don biyan manoma, sai manoma suka ƙi karɓar ƙananan, suka ce wannan ja-jan ba kuɗi ba ne. Ya yi fushi ya jefa jakunkunan a ƙasan adaka, ba a ƙara buɗewa ba. Na tambayi Malam Hudu me ke jikin kuɗin. Ya ce ya leƙa, wasu na da hoton auduga, kuma yawanci suna cikin naɗin takarda kamar alewa. Na tambayi nauyinsu, ya ce kowace jaka sai da hannu biyu. Na ce masa ina zuwa ranar kasuwa, kuma don girman Allah kada a taɓa, kada a warware, kada a wanke. Na maimaita har maigidana ya ce kuɗin wayar mutane nake ƙonawa. Na aika wa Alhaji Nasidi, ya ce in dai haka suke yadda aka faɗa, aikin ido ba zai gagara ba.

Hanyar Doguwa ba ta kusa ba ce. Na bi motar Tudun Wada, na canza wata, muka ratsa daji, duwatsu suka fara bayyana. Rana ta take na isa. Ina yin sallama na shiga tsakar gida, abin da ya fara dukan idona shi ne wani babban faranti a kan tabarma a tsakiyar rana, an baza kuɗi a kai kamar shanyar barkono, jajaye, suna walƙiya har ba a iya kallo. Gefe ga kwano da ruwan tsamiya, ga toka, ga soson ƙarfe. Na yi salati a zuci, na ƙarasa wajen Iya.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ta sa sabon zane. Ta laluba ta kama hannuna, muka gaisa, muka yi wa Inna Hansai addu'a. Ta sa aka kawo min fura. Wadda ta kawo furar ita ce Ladidi, matar Malam Hudu, doguwa mai tafiyar wanda ba a jiransa a ko'ina. Tun kafin ta juya Iya ta fara ba ni labarinta. Wai tsintsiya a gidan nan ta fi kowa hutu. Wai in Ladidi ta ja ta zuwa banɗaki sai ta manta da ita a can, sai ta yi ta kira kamar akuyar da aka ɗaure. Wai ba don komai take son idonta ba sai don ta riƙa kai kanta alwala, ta daina jiran wadda tashi ma sai ta yi shawara da ƙafafunta. Ladidi na jin duk wannan, ta ce a sha fura lafiya, ta wuce.

Sannan Iya ta ce, "Kin ga kayanki can, 'yar Hansai? Tun safe na sa aka gyara miki."

Na ce ai na roƙi Malam Hudu kada a wanke. Ta yi dariya. Ta ce Hudu ya faɗa, amma wane baƙo ne ba ya cewa kada a wahala? Wanda ya ce kada a dafa masa komai, shi ake yanka wa kaza. Ta tambayi Ladidi launinsu, an ce mata wasu sun yi duhu, ita kuwa ba za a ce 'yar Hansai ta taso tun daga Bebeji an miƙa mata abu da dauɗar shekara hamsin a gidanta ba. Ta ce ita da kanta ta zauna tana jin ƙarar dirzar, don ta san halin mai dirzar.

Na je na durƙusa a gaban farantin, na fito da gilashi, ko da yake ba na bukatarsa. Rabin kwabo ne, abin da hedimasta ya mutu yana nema, ga shi tuli. Kowane ɗaya an ci fuskarsa. Ladidi ko ba ta iya shara ba, ranar dai ta iya soso. Malam Hudu ya shigo muka gaisa, ya tsaya daga nesa yana kallon fuskata. Na gaya masa gaskiya a hankali, cewa waɗannan yanzu sai dai a auna su a matsayin jan ƙarfe, ko kuɗin motar zuwa asibiti da ƙyar. Ya zauna a kan turmi. Iya ta ji shirun, ta tambaya ko ba su fita sosai ba ne, a ƙara musu toka.

Ina tattara su a ƙyalle ne hannuna ya gaya min wani abu. Shekara da shekaru ina ɗaukar tsaba, na san nauyinta. Abin da ke farantin nan da hannu ɗaya na ɗaga shi, an kuwa ce min jaka biyu, kowace sai da hannu biyu. Na tambayi Iya ko duka ke nan. Ta ce duka, ta sa Ladidi ta rantse mata. Na dubi Ladidi, na ga ta sami wani abin sha'awa a jikin bango tana kallo. Na ce a ba ni buta zan yi alwala, kuma Ladidi ta nuna min wuri.

Muna zagayawa bayan ɗaki na ce mata ina sauran. Ta ce wane saura. Na ce ni ba surukarta ba ce, idona biyu. Ta leƙa ta ga babu mai zuwa, sannan ta faɗa. Wai da ta ga yawansu ta san in ta biye wa Iya har magariba ba za ta gama ba, ga hannunta na zafi. Sai ta ɗebi na sama-sama da suka warware, cikin faranti guda, ta dirje su. Tana gamawa ta sake zuba su a ruwa ta kama daga farko, tana kaɗa su da ƙarfi don Iya ta ji ƙara ta ɗauka sababbi ne. Rantsuwar kuwa, cewa ta yi duk abin da ke farantin ta wanke, kuma ba ta yi ƙarya ba. Sauran tana ƙarƙashin gadonta, ta tura can ciki inda ta san babu mai leƙawa.

"Don Allah Hajiya kada ki faɗa mata. Wallahi gobe zan wanke."

"Kika taɓa su," na ce, "ni da ke sai a gaban alƙali."

Muka janyo jakunkunan. Ƙarƙashin gadon nan ban san rabonsa da tsintsiya ba, amma a bushe yake ƙayau, ko ɗigon ruwa bai taɓa zuwa wurin ba. Na shimfiɗa akoko na buɗe bakin naɗi ɗaya da tsinke. Na kama na farko a gefe na kai bakin ƙofa, hasken ya zagaya fuskarsa. Audugar nan kamar yau aka buga ta. Jaka ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba, ɗayar kuma abin da aka ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Tun da nake sana'ar ban taɓa ganin irinsu ba, ban kuma ƙara gani ba.

Ban ɓoye wa Iya ba, don ba na ciniki a kan rufa-rufa. Na zauna kusa da ita na gaya mata cewa wanda aka wanke ya lalace, wanda ba a wanke ba shi zai kai ta asibiti, kuma ba don Ladidi ta yi halinta ba da yanzu ta'aziyyar idonta muke yi. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, wato rantsuwar da aka yi mata ta faranti ce. Na ce ta faranti ce. Ta ce to Allah mai iko, shi yake fitar da rayayye daga matacce. Malam Hudu ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Tare da shi muka kai wa Alhaji Nasidi. Na ware wankakkun daban na faɗa masa abin da ya same su, ya kalle su ya girgiza kai ya tura gefe. Sauran ya daɗe a kansu a hasken ƙofa. Bai tambayi lafiyar maigida ba, bai ɗauko wani zance ba. Ya ce waɗannan ba a taɓa su ba. Kalmar da na yi shekaru ina jiran ji daga bakinsa ke nan. Abin da ya biya ya isa aikin ido biyun da magani, na ɗauki ladana na dillanci yadda aka saba, ba ƙari.

Bayan an kwance wa Iya ido na sake komawa Doguwa dubiya. Tun daga zaure nake jin muryar Iya. Tana tsaye a tsakar gida ba sanda, ba mai riƙe ta, da baƙin tabarau, tana nuna yanar gizo a saman ƙofa, tana nuna bayan randa, tana tambayar tun yaushe tukunyar nan take da wannan launin. Ta gan ni ta ce ashe na yi furfura haka, ita tana ta ce min yarinya. Ta nuna min butarta da ta cika da kanta. Sannan ta koma kan tukunya.

Ladidi na durƙushe a bakin rijiya, tulin wanke-wanke ya kai mata kafaɗa, toka har a gira. Na je na yi mata sannu da aiki, na ce ai ita ce ta yi silar wannan alheri, Allah zai ba ta lada. Ta ɗago ta dubi Iya, ta dube ni, ta share goshi da bayan hannu.

"Hajiya," ta ce, "da na sani da duka na wanke."